Kanwa a Idon Kwikwiyona

Yayana ne ya makantar mini da kare. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, lambunsa yana jikin nawa a fadamar Danchadi, kuma da hannunsa ya yi, da rana tsaka, ina can Kajiji wurin zaman makoki. Na san komai da ƙaddara, ban musa ba. Amma akwai wanda ya danne kan ɗan kwikwiyo da gwiwa har ya gama abin da ya yi niyya, kuma na san shi.

Ni ba mai yawan jama'a ba ne, ban kuma iya daɗin baki ba. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifinmu ya rasu. Yaya ya ce gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, na ajiye littafi na ɗauki hauya. Shi ya cire ni daga makaranta, kuma shi ne har yau yake kirana ɗan boko a gaban mutane, yana dariya. Tun daga wannan shekara shi ke yanke magana. Inda aka raba gona, shi ya ja iyaka. Inda aka haƙa rijiya, shi ya nuna. Na yi furfura ina cewa to.

Da rani albasa nake yi. Wanda bai taɓa yi ba gani yake shuka ce da ban ruwa kawai. Akwai awakin gari da ke ratso shinge, akwai masu ɗan hannu da ke kwance kan injin ban ruwa in ka juya baya. Tsohon karena ya mutu da tsufa, lambu ya zauna ba mai tsaro. Wani Bafulatani da nake bari shanunsa su ci karan gonata bayan girbi shi ya kawo mini kwikwiyon, ya ce tukuici ne. Ja ne, ƙirjinsa fari, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ƙafafunsa sun yi masa girma, alamar zai yi jiki. Ban sa masa suna ba. Fito nake yi ya sheƙo.

Ba zan ɓoye ba, na saba da shi fiye da yadda ya kamaci mutum mai shekaruna. In ina gyaran fangalin albasa yana bayana yana tone abin da na gyara. In na tada inji sai ya tsaya yana yi wa ruwan da ke fitowa daga tiyo haushi, kamar ya ga ɓarawo. Matata takan ce na fi yi masa magana fiye da yadda nake yi mata. Ba ƙarya ta yi ba.

Wata safiya ya bi ƙadangare cikin shinge. Shingen nawa na rassan magarya ne, ƙaya ce zalla. Na ji ƙara, ya fito da baya yana murza fuska a ƙasa. Idonsa na hagu a rufe, hawaye na zuba. Na riƙe shi na buɗe fatar idon a hankali, ban ga ƙaya ba, amma ƙwayar ta yi ja. Kashegari ido ya yi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi ya shiga ciki, kwantsa ta manne gashin. Ya ƙi tuwo, ya ƙi ruwa, sai sosa yake yi da farce.

Na nemo kwali na sa tsumma a ciki, na ɗaure a bayan babur. Matata ta tsaya a bakin zaure tana kallona.

Ta ce, "Malam, kare za ka kai asibiti? Mi mutane za su ce?"

Na ce, "Su ce. Ba idonsu na ba."

A Bodinga na tsaya wurin 'yan kabu-kabu ina tambayar inda ake duba dabbobi. Kwikwiyo ya leƙo da kai ta bakin kwali. Ɗaya daga cikinsu ya tafa hannu.

"Barka, Baba! Haihuwa anka yi? Yaushe suna?"

Wani ya ce, "Ka ga kama, har kunnen."

Na bar su suna dariya, na bi kwatancen da suka yi mini.

Likitan dabbobin matashi ne, bai wuce sa'an 'ya'yana ba, kuma shi kaɗai ne bai yi dariya ba a ranar. Ya ɗiga wani ruwa rawaya a idon, ya haska da fitilar wayarsa, ya ce in matso in gani. Sai ga wani siririn layi ya fito kore a saman ƙwayar idon. Ya ce ƙayar ƙarzar sama ta yi, ba ta huda ba, kuma idon zai warke tas in an bi shi a hankali. Ya ba ni ɗan bututun magani mai maiƙo, a sa safe da yamma. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a goge kwantsa da ƙyalle mai tsabta. Abu biyu ya nanata. Kada a bar shi ya sosa, kuma kada a sa komai a idon ban da wannan maganin. Ya ce mutanen birni roba suke saya su zura wa kare a wuya don ƙafa ta kasa kai wa fuska, amma shi ba shi da ita, in nemi dabara.

A hanya na samo dabarar, a kaina ma take. Da na iso lambu na cire malafata, na yanke ƙoƙon da wuƙa, na zura masa faffaɗan bakin a wuya, na ɗaure da yagen tsohon zane. Ya tsaya cak. Sai ya fara tafiya da baya, wai zai fita daga cikinta, har ya faɗa kwalbatin ruwa. Ranar na yi dariya ni kaɗai.

A nan Yaya ya same mu. Ya leƙo ta saman shinge da baƙin tabarau a fuska. Tabaran nan yana da labari. Daminar da ta wuce yanar ido ta rufe masa na dama, ya kai ba ya gane mutum sai an yi magana. Ni na riƙa goya shi a babur zuwa asibiti cikin birni, mu je mu dawo, har aka yi masa aiki aka cire. Duk abin da likita ya ce sai da ya bi. Bai sunkuya ba, bai shiga rana ba, ya hana a hura wuta kusa da ɗakinsa don hayaƙi. Idon ya buɗe garau. Ɗayan ma ya fara yana, an ce a jira ta nuna sannan a dawo.

Ya ce, "Kai, ɗan boko, mi na na? Kare da malfa? Saura ka ɗunka mai riga ka tai da shi Juma'a."

Na gaya masa abin da ya faru da abin da likita ya ce.

Ya yi tsaki. "Don wanga ɗan abu ka ƙone mai har Bodinga? Kawo shi in busa mai. Shanu nawa ni warkar a garin ga?"

Wannan gaskiya ne, an san shi da haka. Yaya yana kiwon shanun huɗa, kuma in ciwon ido ya kama saniya, irin wanda ƙuda ke yaɗawa, wurinsa ake zuwa. Yakan daka jar kanwa da garin taba su yi laushi, ya ɗura a bututun biro da aka cire wa tawada, a kayar da saniya a danne kai, ya busa a ido. Kuma ba ya yi wa ido ɗaya. Ya ce ciwon tsallakawa yake yi, in ka bar ɗaya gobe ka dawo. Saniya ta yi ta zubar da hawaye, wata ta warke, wata ta yi hakiya. Wadda ta warke a ce hannunsa ne, wadda ta yi hakiya a ce an makara kawo ta.

Na ce, "Yaya, wannan ba ciwon ƙuda ba ne, ƙaya ce. Kuma kare ne, ba saniya ba."

Ya ce, "Ido ido na."

Na ce a'a. Na faɗa a fili, ya ji. Ya ɗaga kafaɗa ya koma lambunsa.

Na bi maganin yadda aka ce. Kafin in tada inji da safe sai na tafasa ruwa a gwangwani, in zaunar da shi tsakanin ƙafafuna in goge, in matsa maganin. Da farko fizge-fizge yake yi, daga baya da ya ga gwangwani sai ya zo da kansa ya ɗora haɓa a gwiwata. Ya koma cin tuwo. Idon ya fara buɗewa, hayaƙin nan ya janye ya koma ɗan ɗigo a gefe. Wata rana na jefa ɓawon rake ta gefen hagunsa, ya juya ya cafke. Na san yana gani da shi. Saura kaɗan a cire malafa.

Sai aka bugo waya cewa surukina, mahaifin matata, ya rasu a Kajiji. Ba abin da za a jira ba ne. Matata tana kuka tana haɗa kaya, ni ina tsaye ina tunanin kare, ina jin kunyar kaina. Ba a zuwa gidan makoki da kwikwiyo a kwali. 'Ya'yana mata ne, duk suna gidajen aurensu, su ma can za su. Wanda yake kusa da lambun, wanda zai buɗe mini ruwa a albasa ko ban roƙa ba, Yaya ne kaɗai.

Na same shi a turken shanunsa. Na miƙa masa bututun maganin, na nuna masa yadda ake matsawa.

Na ce, "Don Allah, Yaya. In ma maganin ya yi maka wuya, bar shi. Ka ba shi ruwa da abinci kawai. Malafar nan dai kada a cire, kada kuma a sa masa komai."

Ya karɓa ya jefa a aljihu. "Tahi abinka. Ni za ka koya ma kiwo? Allah shi jiƙan tsoho."

Hanyar Kajiji ta cikin Shagari muka bi, daga nan sai turɓaya da ramuka, matata a baya tana sharar hawaye. Aka yi jana'iza, muka zauna karɓar gaisuwa. Tsohon mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, na yi baƙin cikin rashinsa. Amma ina kan tabarma ana shigowa ana fita, zuciyata tana komawa fadama. Na sha ciro waya in mayar. Ta yaya suruki zai tashi daga cikin masu makoki ya koma gefe yana tambayar lafiyar kare? Ban buga ba. Na zauna har aka yi sadakar uku, na bar matata can wurin 'yan'uwanta, na hau babur.

Ban biya gida ba, lambu na wuce. Albasa ta sha ruwa, wannan kam ya yi. Na yi fito. Shiru. Na sake yi. Sai idona ya faɗa kan malafar, an rataye ta a kan dirkar shinge, yagen zanen yana reto.

A ƙuryar bukkar lambun na same shi, ya cusa kai ƙarƙashin buhunan taki. Da na jawo shi sai ya yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya kai mini cizo, sannan ya shinshina hannuna ya lafa. Idanun duka biyu sun kumbura sun rufe, ruwa mai kauri yana tsiyaya, ƙuda ya baibaye. Ya yayyage fuskarsa da farce har jini ya bushe a gashin. Na sunkuya, warin taba ya bugi hancina.

Ina nan durƙushe Yaya ya shigo, yana goge tabarau da bakin riga.

Ya ce, "Ka dawo? Ya haƙuri? Ka ga mutuminka. Na yi mai duka biyun, don kada shi tsallaka. Wanga man shafawa naka wasa na. Kumburin kada shi dame ka, haka shanu ka yi, shina sacewa. Malfar ko na cire, mutane na wucewa suna yi muna dariya."

Ya ciro bututun maganin daga aljihu ya miƙo mini. Ko buɗe shi bai yi ba.

Na karɓa. Abin da na yi ke nan, na karɓa. Na nemo kwalin, na ɗaure a babur.

Wannan karon 'yan kabu-kabu ba su ce komai ba, ko kuma ni ne ban ji ba. Likitan ya wanke idanun ya daɗe yana wankewa, kwikwiyo yana rawar jiki a hannuna. Da ya buɗe na hagu sai ya girgiza kai. Ya ce kanwa ta ci wurin da ƙaya ta ƙarza har ta huda, idon ya fashe, babu shi. Na dama, wanda lafiyarsa ƙalau lokacin da na tafi, ya ƙone. Ya ce zai ba da abin da zai rage zafi ya hana ruɓa, amma kada in sa rai. Wataƙila ya riƙa bambanta rana da inuwa, iyakarsa ke nan.

Ya dube ni ya ce, "Baba, ba na gaya maka ba? Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ɗan'uwana ne."

Ya juya ya ɗauko maganin.

Kumburi ya sace, kamar yadda Yaya ya ce. Da ya sace sai aka ga abin da ke ƙasa. Na hagu ya lotsa ciki. Na dama ya yi fari fat kamar dafaffen ƙwai. Na mayar masa da malafa har fuskar ta warke, sannan na cire na jefa a wuta.

Ya girma, ya yi jikin da ƙafafunsa suka yi alkawari. Amma kare ne da ke karo da inji, ya faɗa kwalbati, ya bi ta tsakiyar fangali yana karya ganyen albasa bai sani ba. In ya ji motsi sai ya yi haushi, ya fuskanci gabas alhali akuya tana yamma tana ci. Awakin ma sun gane shi, ba sa ko ɗaga kai. Ya haddace hanya ɗaya, daga bukka zuwa gindin mangwaron da ke bakin iyakata da Yaya, can yake wuni. Tarina ya sani, da ƙarar babur ɗina. In na iso sai ya taso yana kaɗa wutsiya, ya wuce ni kaɗan, sannan ya dawo da hanci. Har yau in ya ji ƙarar gwangwani yakan zo ya ɗora haɓa a gwiwata, yana jiran a sa masa magani.

Yaya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. A majalisa na ji an ce yana faɗin wai likitan Bodinga ne ya ɓata idon tun farko, shi an makara kawo masa. Muka ci gaba da gaisawa. Ina kwana, lafiya lau. Hanyarsa ta zuwa rijiya ta gindin mangwaron nan take, na lura ya fara zagayawa ta bayan shinge, ta cikin ƙaya, don kada ya bi ta wurin.

Ranar da abin ya zo ƙarshe muna cirar albasa, da hantsi. Akwai 'yan ƙwadago a lambuna, akwai masu lambunan kusa da suka zo taya ni. Sai ga Yaya da buhu a kafaɗa da igiya a hannu. Ya tsaya nesa da mangwaron kaɗan.

Ya ce, "Ɗan boko, na samo maka wani kwikwiyo a Dandin Mahe, uwarshi mafarauciya ta. Wanga kuwa ba shi da amfani, ci kawai shikai. Kawo in sa a buhu a kai shi daji a sake, kowa shi huta. Ni ban son ganin abin ga kullum a kan hanyata."

Wani daga cikin masu taya ni ya ce ai gaskiya ne, wahala ce kawai.

Na ajiye albasar da ke hannuna. Na taka har inda yake, na tsaya kusa da shi yadda ban taɓa tsayawa ba, har ina ganin fuskata a tabaransa. Karen ya ji takuna ya biyo ni, ya yi karo da ƙafar Yaya, Yaya ya ja da baya.

Na ce, "Yaya, aje buhun ga. Lokacin da yanar nan ta rufe maka ido, kanwa tana gidanka, taba tana gidanka, bututun biro shina rataye a turke. Don mi ba ka busa ma kanka ba? Bayana ka hau, ni kai ka birni, ka bi maganar likita kamar karatun sallah. Ka san abin da kanwa ka yi ma ido. Ba rashin sani na ba. Don dai ni na ce a'a, kai kuwa ba ka taɓa jin a'a daga bakina ka ƙyale ba. Ka fidda ni makaranta na yi shiru, ka ja iyaka na yi shiru, wanga ban yin shiru. Kwikwiyonka ban so. Karen ga kuma ba inda za shi. Nan gindin mangwaro zai zamna, kan hanyarka, in ba shi tuwo da hannuna har ranar da Allah ya karɓi abinshi. In ɗayan idonka ya nuna, ni za ni goya ka zuwa birni, don nono ɗaya munka sha. A gyara maka shi tas. Ina son ka samu ido biyu masu kyau da za ka riƙa kallonshi da su."